Tashar Kade: Inda Dogo Ya Ƙare

A wannan karo za mu ajiye maganar siyasa da ta tsadar kayan masarufi, tun da duka biyun ba gudu za su yi ba, suna nan suna jiranmu. Yau tafiya za mu yi zuwa ƙasar Akyem, mu yada zango a wata tasha wadda jirgi ya daɗe da daina zuwa.

Abin da ya jawo maganar shi ne, a watan jiya na je Kade sunan jikan wani aminina. Bayan an yi addu'a, an raba goro, jama'a sun watse, sai na ce bari in taka zuwa tasha in ga yadda ta koma. Aka haɗa ni da wani yaro ɗan shekara goma sha biyu don ya raka ni. Muna fita sai ya miƙe da ni tashar mota. Na ce masa, ɗana, ba wannan nake nufi ba, tashar keteke nake so. Yaron ya san kalmar, ya kuma san wurin, amma tun da aka haife shi bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba sai a waya. Da muka isa na tsaya ina kallon ciyawa inda dā taragu ke tsayawa, shi kuwa yana kallona yana mamakin abin da wannan tsoho ya zo nema. A nan na ƙudurta cewa sai na rubuta tarihin wurin, ko don irin wannan yaro.

Sai mu ɗan koma baya. Turawan Ingila sun fara shimfiɗa dogo a wannan ƙasa a 1898, daga Sekondi, kuma zinariya ce ta sa su. Dogon ya kai Tarkwa a 1901, ya kai Obuasi a 1902, ya shiga Kumasi a 1903. Daga baya aka fara wani daga Ankara a 1909, ya bi ta Nsawam da Koforidua, ya haɗu da na farko a Kumasi a 1923. Wannan na biyun koko ne ya ja shi, wato koko na buhu, ba wanda muke sha da ƙosai da safe ba. Idan ka dubi taswira za ka ga layukan biyu sun tashi daga bakin teku sun haɗu a Kumasi kamar jinkar ɗaki, sun bar wani babban fili na kurmi a tsakaninsu, ba dogo, ba hanyar kirki.

Wannan fili shi ne Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, ya sa wa ido. Yana gina babbar tashar jiragen ruwa a Takoradi, wadda aka buɗe a 1928, yana kuma neman kayan da za su ciyar da ita. Saboda haka aka tsago wani reshe daga layin yamma a Huni Valley, arewa da Tarkwa, aka nufi gabas da shi cikin kurmi. Ya ƙetare kogin Pra a Twifo Praso, ya bi ta Assin Foso da Achiase da Akim Oda, ya zo ya tsaya a Kade a 1927, bayan tafiyar kusan mil 100. A lokacin Kade ƙaramin gari ne na manoma a kwarin kogin Birim, ƙarƙashin sarautar Akyem Abuakwa, zamanin Nana Ofori Atta na ɗaya. Daga nan dogo bai ƙara ko taku ɗaya ba. Kade ta zama ƙarshen layi, kuma wannan shi ne arzikinta da fari, shi ne kuma ajalinta daga baya.

Su wa suka yi aikin? Injiniyoyi dai Turawa ne, kuma sunayensu suna cikin takardu. Amma masu sare kurmi da gatari, masu haƙa da diga, masu ɗaukar ƙasa a kwando a ka, da yawansu mutanen arewa ne da na ƙasashen da ke bayanta: Mosawa, Dagombawa, Gurunsawa, Zabarmawa, Hausawa da sauransu. Wasu neman kuɗi ya kawo su. Wasu kuwa ba da son ransu suka zo ba, domin a waɗannan shekaru gwamnatin mulkin mallaka takan ɗora wa sarakunan arewa su kawo adadin ƙarti kaza don aikin dogo da na ma'adinai. Abin takaici shi ne, an yi ta maganar za a kai dogo arewa daga Kumasi tun zamanin Guggisberg, amma har yau da nake wannan rubutu jirgin ƙasa bai taɓa shiga Tamale ba. Mutanen arewa sun shimfiɗa wa wasu hanya, su kuma suka koma gida a ƙasa.

To, me jirgi yake ɗauka daga Kade? Mutane da yawa in ka tambaye su za su ce daimon, saboda Akwatia tana nan kusa. Gaskiya ne an gano daimon a kwarin Birim a 1919, kuma kamfanin CAST ya fara haƙa a Akwatia a 1924, kafin ma dogo ya iso. Amma ka tuna, daimon ba kayan tarago ba ne. Abin da aka haƙa a wata guda mutum ɗaya zai iya rungumarsa a akwati. Amfanin jirgi ga ma'adinai shi ne shigo da kaya masu nauyi, irin su injuna da siminti da kwanon rufi da mai. Abin da ke fita kuwa shi ne koko da gumagumai na katako, sai goro da kayan abinci. Buhu goma sha shida na koko su ne tan guda, kuma kowane buhu a kan ɗan Adam yake hawa tarago. Manyan kamfanonin sayen koko na wancan zamani, irin su UAC da Cadbury, a bakin tashoshi suke kafa sito da sikeli, don haka duk inda jirgi ya tsaya nan kuɗi suke sauka a lokacin kaka.

Inda kuɗi suka sauka kuwa, ba a rasa Bahaushe. Kakanninmu sun san wannan ƙasa tun kafin dogo, tun zamanin fataucin goro na Gwanja, lokacin da ayari kan yi watanni a hanya da jakuna. Da jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka zo sai hanya ta juya. Maimakon a bi ta Salaga a ƙasa, sai a kai goro bakin teku, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Legas, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Kano, tun da dogon Nijeriya ya isa Kano a 1911. Alhassan Ɗantata yana cikin fatake na farko da suka bi wannan sabuwar hanya, ya kuma zauna a Ankara kafin ya koma Kano. Ƙananan tashoshin kurmi irin ta Kade su ne jijiyoyin da ke kai wa wannan ciniki jini. Mai saye ya shiga ƙauyuka ya tara goro, mata su ɓare su wanke, a zaɓe, a jera a huhu da ganye, a ɗaure, a kai tasha.

Haka zango yake tsira. Da fari mahauci ne zai zo, domin ma'aikatan reluwe da na sito suna karɓar albashi kuma suna son nama. Sai mai gida ya gina ɗakuna don saukar baƙi da ajiye kayansu, yana cin la'adarsa. Sai wanzami, sai mai tsire, sai tela, sai mai tuwo da mai wake da shinkafa. Kafin a ankara an kafa rumfar salla, an samu malami yana koyar da yara allo, an je gaban sarkin gari da goron gaisuwa an roƙi fili, an naɗa Sarkin Zango. Ka bi layin nan daga Huni Valley har Kade, ka bi na gabas daga Nsawam har Nkawkaw, za ka tarar a garuruwa da yawa tsohon zango bai yi nisa da tasha ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Wanda bai ga zamanin ba zai yi wuya ya gane matsayin tasha a ƙaramin gari. Ita ce agogo, ita ce gidan waya, ita ce jarida. Layin guda ɗaya ne tak, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha, don haka direba ba ya motsawa sai tashamasta ya yi magana da tashar gaba ta waya ya tabbatar hanya a buɗe take, sannan ya ba shi izini. Kasancewar Kade ƙarshen layi ce, duk jirgin da ya zo dole ya tsaya, a cire kan jirgi a mai da shi ɗaya ɓangaren, a ba shi ruwa, a sauke kaya a yi lodi. Wannan jira shi ne kasuwar masu talla da 'yan kayakaya. A zamanin jirgi mai hayaƙi har kwal ɗin da ake ƙonawa akan kawo shi ne daga Inugu ta Nijeriya, kafin injunan dizal su fara shigowa a shekarun 1950. Akwai kuma mutanen da fasinja ba ya lura da su, wato leburorin dogo, waɗanda aka raba wa layi kashi-kashi. Kullum suna bisa hanya da diga da adda, suna ɗaure ƙusa, suna gyara tsakuwa, suna share magudanar ruwa, suna sare ciyawa. A kurmi, in aka bar dogo damina biyu ba mai sara, daji zai karɓi abinsa.

Sai dai tun ranar da aka buɗe wannan layi yake da kishiya, wato lori. Manomin da ke kudancin layin ya ga cewa ya fi masa sauƙi ya sa kokonsa a mota zuwa Saltpond ko Winneba ko Cape Coast, da ya kai tasha a zagaya da shi har Takoradi. Gwamnatin Turawa ta ga reluwe tana asara, har ta kai ga barin wasu hanyoyin mota da giɓi da gangan, kuma a 1936 ta yi doka ta hana ɗaukar koko da wasu kayayyaki a mota a kan wasu hanyoyin da ke gogayya da dogo. Wato tun yana ɗan shekara tara layin nan da sandar doka yake dogarawa. Da aka janye sandar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai lori ya ci gaba da cin kasuwarsa.

Bugu na biyu ya zo ne a cikin rigar alheri. A 1956 aka buɗe sabon layi na kusan mil 50 daga Achiase zuwa Kotoku, kusa da Nsawam, don jirgi ya riƙa tafiya daga Takoradi zuwa Ankara ba sai ya zagaya ta Kumasi ba. Ƙasa ta amfana, ba shakka. Amma daga ranar babbar hanya ta karkata a Achiase, guntun da ya wuce ta Akim Oda zuwa Kade ya koma reshe a jikin reshe. Mai karatu ya san yadda abin yake ko a gida: idan abinci ya yi kaɗan, na ƙarshen layi shi ke kwana da yunwa. In taragu sun yi ƙaranci, reshe ake hana wa. In kuɗin gyara bai isa ba, reshe ake cewa ya jira baɗi.

Sannan kayan da kansu suka ragu. Ciwon kumburin reshen koko, wanda aka fara ganewa a yankin gabas a 1936, ya sa aka sare miliyoyin itatuwa, manoma da yawa suka yi ƙaura zuwa yammacin Asante da Ahafo da Sefwi neman sabon daji. Kokon da ƙasar nan ta samu ya haura tan 550,000 a kakar 1964 zuwa 1965, amma a kakar 1983 zuwa 1984, shekarar fari da gobarar daji, bai kai tan 160,000 ba. Manyan itatuwan katako na kusa da layi an riga an sare su. Ƙasar Kade kuma ta juya ga kwakwar manja da lemo, ga babbar gonar kwakwa ta Kwae da aka kafa a 1975, kuma waɗannan kaya ne da mota ke zuwa har bakin gona ta ɗauka.

Akwai kuma bugun da ya faɗa a kanmu kai tsaye. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Yankin daimon na Akwatia da kewaye yana cike da 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, masu haƙa da masu saye da masu kanti. Mutane suka sayar da abin da ya sayu a wulaƙance, suka bar abin da bai sayu ba. Wasu an haife su a nan, ba su san kowa ba a inda aka ce su koma. Zangunan wannan yanki sun yi asarar 'yan kasuwa da masu jari waɗanda ba su dawo ba, kuma kowane ɗan kasuwa da ya tafi, tasha ta yi asarar mai biyan kuɗin awo.

Ragowar labarin kowa ya san shi. Tattalin arziki ya durƙushe a shekarun 1970 da farkon na 1980, ba kuɗin waje na sayen kayan gyara, injuna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka samu rance aka fara gyara, layin yamma aka fi ba ƙarfi, saboda shi ke ɗaukar ma'adinai zuwa Takoradi. Tasha irin ta Kade ba a yi mata bikin rufewa ba, ba a buga ganga ba. Jirgin kullum ya koma na wani lokaci, na wani lokaci ya koma sai an gani, har ranar da ya tafi bai dawo ba. Yau duk layin tsakiya a kwance yake, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɓarayin ƙarfe suna kwance dogo a wurare da dama suna sayarwa a matsayin gwangwan, masu galamsey kuma suna haƙa har ƙarƙashin hanyar jirgi a wasu sassan ƙasar.

Wani zai ce, to Malam, kowa ya tuna bara ai bai ji daɗin bana ba, mene ne amfanin wannan dogon labari? Amfaninsa biyu ne, kuma duka biyun sun shafe mu.

Na farko maganar fili ce. Jirgi ya daina zuwa, amma filin tasha da gefen dogo ba su zama na kowa ba. Na gwamnati ne, kuma tun da aka yi dokar reluwe ta 2008 akwai hukumar da aka kafa musamman don kula da wannan dukiya. Da yake zangunanmu a gefen tasha suka tsira, mu ne muka fi kowa kusa da wannan tarko. Iyali sun yi yawa, ɗaki ya yi kaɗan, ga fili a kwance shekara da shekaru, sai wani ya zo ya ce zai sayar maka, har da 'yar takarda mai hatimi. Mun ga yadda aka rushe rumfuna da gidaje a gefen dogo a Ankara da Kumasi lokacin da aka tashi aiki, mutane suna kuka ba mai jin su. Kada kuma wani ya ce jirgi ya tafi ke nan har abada. A Nuwamba 2024 aka ƙaddamar da sabon layi mai tsawon kilomita 97 daga Tema zuwa Mpakadan, kuma faɗinsa milimita 1,435 ne, alhali tsohon dogonmu 1,067 ne. Ko jirgi ya koma Kade ko bai koma ba, ranar da hukuma ta bukaci filinta ba za ta tambayi nawa ka kashe a gini ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk wanda za a sayar wa fili kusa da tsohon dogo, ya je Hukumar Filaye ya bincika kafin ya ba da ko sidi ɗaya. Sarakunan zango da limamai kuma su riƙa faɗa wa jama'a wannan a masallaci da wurin taro.

Na biyu maganar asali ce. Sau nawa aka ce mana baƙi a ƙasar da aka haifi kakanninmu? Wanda ya ga 1969 ya san cewa wannan kalma ba wasa ba ce, kuma har yau akwai 'ya'yanmu da ke shan tambayoyi wajen neman katin ɗan ƙasa ko fasfo saboda sunansu kawai. Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin wurare irin tashar Kade. Shekara kusan ɗari ke nan da dogo ya iso, kuma da hannun mutanenmu aka shimfiɗa shi, da kansu aka yi lodinsa. Takardun Turawa sun rubuta nauyin koko da kuɗin tikiti, amma ba su rubuta sunan wanda ya ɗauki buhun ba. Wannan yana cikin kan tsofaffinmu ne kaɗai, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ga roƙona ga matasa, musamman 'yan makaranta da ƙungiyoyin samarin zango na Kade da Akwatia da Oda da Achiase da Foso. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku sayi goro ku je ku gaida tsoho ko tsohuwa, ku zauna, ku tambaya: Baba, wa ya fara sauka a wannan zango, daga ina ya zo, wane sarki ya ba shi wuri? Iya, me kike sayarwa a tasha, nawa ne kuɗin jirgi zuwa Oda? Ku nemi tsohon katin aiki na reluwe, da takardar fansho, da rasit na awo, da hoton da ke ƙasan adaka, ku ɗauki hotonsu kafin gara ta riga ku. Ku rubuta da boko ko da ajami, duk wanda ya sauwaƙa, a ajiye kwafi ɗaya a gidan Sarkin Zango. Wanda ya aiko mana da abin da ya samo, za mu ba shi wuri a wannan fili da yardar Allah.

A shekarar 2027 tashar Kade za ta cika shekara ɗari. Zai yi kyau a ce kafin lokacin mutanen gari da na zango sun haɗa kai, sun nemi izinin hukuma, an share wurin, an kafa ko da allo ɗaya ne mai bayanin yaushe jirgi ya zo da su wa suka yi aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan ba aikin da ya fi ƙarfin gari ba ne.

Da muka juyo daga tasha ran nan, yaron da ya raka ni ya tambaye ni ko kakansa ya taɓa shiga keteke. Na ce masa kakan nasa yana gida a zaune a kan buzu, ya je ya tambaye shi da bakinsa. Ina fata ya je.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.